Kada Inna Ta Sayar da Awakinta Saboda Kwamfuta

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wata ɗaliba mazauniyar Birni, a nan Damagaram. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina shekarar ƙarshe a sashen nazarin ƙasa na Jami'ar André Salifou, ina rubuta kundina a kan ƙarancin ruwan sha a Garin Malam da Kara-Kara. Kwamfutar da nake aiki da ita yayana ne ya bar mini da zai koma Agadas. HP EliteBook 840 G1 ce, Core i5, RAM ɗinta 4 GB, diskinta 500 GB. Ta gajiyar da ni. In na kunna ta, sai in yi alwala in idar da salla ba ta gama tashi ba. In na buɗe QGIS, manhajar zana taswira, da Word tare sai ta sandare, fanka na ta ƙugi, ƙasanta ya ɗau zafi har ba ta ɗoruwa a cinya. Batir ba ya wuce minti 20. Wani mai shago ya ce lokacinta ya wuce, Windows 10 ma an daina, in kawo ta in yi cikon jaka 140 ya ba ni 840 G3 mai SSD da RAM 8 GB. Na gwada ta, wallahi gudu gare ta. Ƙarshen wata zan kwashi adashena jaka 90, Inna ta ce za ta sayar da awakinta biyu ta cika mini. Raina bai kwanta ba, don awakin nan su take taɓawa in lalura ta taso. Ga kunya kuma, ƴan ajinmu har suna sun sa wa kwamfutar. Saura wata huɗu in kare kundin. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya saka wa Inna da alheri.

Akwai abin da ya fi saye da gyara gaggawa. Yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki kwashe kundinki daga cikin kwamfutar. Diskin da ke cikinta mai juyawa ne, faifai ne yake wulwulawa a ciki allura tana bin sa, kuma in shi ne wanda ta zo da shi daga kamfani to ya haura shekara goma yana aiki. Irinsa ba ya sallama in zai tafi. Wani lokaci a ji ɗan ƙas-ƙas daga ƙarƙashin inda ake ɗora hannu, wani lokaci ko wannan babu, kawai a wayi gari ya ƙi tashi. Ki sa kwafi ɗaya a filash, ki ɗora wani a Google Drive, wanda ke ba kowa 15 GB kyauta, ko ki tura wa kanki ta imel. Wajen taswirori kuma ki kula sosai. Fayil ɗin aikin QGIS ba ya ɗauke da bayanan a cikinsa, nuni kawai yake yi zuwa inda suke ajiye. Haka kowane shapefile, wato fayil ɗin bayanan taswira, ƴan uwa gare shi, akwai .shp da .shx da .dbf da .prj, kuma in aka raba su taswirar ta lalace. Don haka foldar aikin gaba ɗaya za ki kwafe, har da takardun binciken da kika cike a unguwanni in kin shigar da su. In kwamfuta ta mutu ana sayen wata, amma zagayen da kika yi gida-gida cikin rana kina tambayar mata nawa suke sayen jarka, ba ki da wata huɗun da za ki sake shi.

Sai shawarata: kada ki yi musayar nan, kada kuma Inna ta kai awakinta kasuwa. Ki gyara wadda ke hannunki ki gama kundinki da ita.

Ga dalili. Kwamfutarki ta fito ne a ƙarshen 2013, furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikinta, ta zubi na huɗu ce daga Intel. Ki duba lambarta, za ki ga wani abu kamar 4200U ko 4300U, kuma wannan 4 ɗin na farko shi ne zubin. Wadda ake son ba ki ta 2016 ce, zubi na shida, lambarta 6200U ko 6300U. Dukkansu ƙwayoyin aiki biyu gare su. Ta shida ta ɗan fi ƙarfi, gaskiya ne, ta kuma fi tattalin batir, amma ba bambancin da za a rabu da jaka 140 da kwamfuta sukutum a kansa ba ne. Gudun da kika gani a shago har ya burge ki, daga abu biyu ya fito: SSD, wato sabon nau'in diski mai sauri, da RAM 8 GB, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai. Su biyun nan kuwa ana sayar da su daban, kuma taki tana karɓarsu.

Furosesarki kamar mai girki ce da ta hura wuta ta ɗora tukunya, tana zaune tana jiran ɗan garuwa mai tafe da jarka ɗaya daga nesa. Ba ita ce mai nawar ba. Tsohon diski yana kawo bayanai kusan 100 MB a daƙiƙa in hanya ta miƙe masa, SSD na irin mazaunin da ke cikin taki yana kai 500 MB. Inda ya fi nuna kansa ma wajen ƙananan fayiloli ne barkatai, irin dubban da Windows ke nema lokacin tashi, domin allura sai ta yi ta kai-komo tana neman kowanne, shi kuwa SSD ba abin da ke motsi a cikinsa. RAM kuma in ta cika, Windows na juye abin da ya yi saura a kan diski. Da 4 GB, Windows kaɗai ya cinye fiye da rabi, ki buɗe Word da QGIS da Chrome, shi ke nan komai ya koma kan diskin nan mai nawa. Nan ne sandarewar take.

Ba sai kin yarda da maganata ba, ki gani da idonki. Lokacin da ta fara nauyi, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ki shiga shafin Performance. In kika ga diski ya tsaya a 100%, RAM ta haura 85%, furosesa kuwa tana ƙasa-ƙasa tana hutawa, to cutar ke nan kin gan ta.

Ban ce mai shagon maƙaryaci ba ne, sana'arsa yake yi. Amma ki sani, in kika ba shi taki, abin da zai yi shi ne ya sa mata SSD da RAM, ya goge ta, ya ajiye ta a kan teburin shagonsa, wani ɗalibin ya zo ya gwada ya ce wallahi gudu gare ta. Ribar nan gara ta tsaya a hannunki. Kuma 840 G3 ɗin ita ma ta gwanjo ce, ta yi shekarunta a wani ofis a Turai ko Amurka kafin ta iso nan, ba ki san ciwon da take ɓoye ba. Taki kuwa kin san halinta ciki da bai.

Abin da za ki saya kaɗan ne, amma sai an yi daidai. SSD mai faɗin inci 2.5, irin SATA, shi ne zai zauna a gurbin tsohon diskin. 256 GB zai yi aiki, amma tunda kina hulɗa da hotunan tauraron ɗan Adam, kuma guda ɗaya na Sentinel-2 yana cin ɗaruruwan MB, in kuɗi sun kai ki ɗauki 480 ko 512. Ki nemi sunan da aka sani, irin Samsung, Kingston ko Western Digital, a cikin kwalinsa ba a buɗe ba. Akwai jabu a kasuwa, masu rubutun babban suna a baya, ciki kuwa ba komai. Ki ce a ba ki rasit da sharaɗin dawowa in ya ba da matsala. RAM kuma irin DDR3L ce, a jikin ƴar takardar da ke manne za ki ga an rubuta PC3L. Harafin L ɗin nan kada a raina shi: ita tana aiki da wuta 1.35 V, DDR3 zalla kuwa 1.5 V, kuma kwamfutarki mai L take so. DDR4 ba ta ma shiga ramin. Gurbi biyu gare ta, tana ɗaukar har 16 GB. Ƙarin 4 GB ya kai ki 8, ya ishe ki kundi. In kin samu 8 GB guda da sauƙi ki haɗa da ta ciki su zama 12, ya fi. RAM ta hannu ba laifi, ba ta cika lalacewa ba. SSD ne ban yarda ki sayi na hannu ba.

Wani alherin wannan samfurin shi ne murfin ƙasanta da ɗan makulli yake, a ture shi murfin ya zame, ga diski ga RAM ga batir a fili. Aikin canja su bai kai rabin awa ba. Saboda haka in mai gyara ya ce ki bar ta ki dawo jibi, ki ce masa a'a, za ki jira. Ki tafi da ƙaninki ko wata ƙawa, ki zauna a yi a gabanki. Ba zargi ba ne. Akwai hotunanki da saƙonninki da aikinki a ciki, kuma bai kamata ƴa mace ta bar irin wannan a shago ya kwana ba. Tsohon diskin naki ne, ki karɓe shi a hannu, kada ki yarda a rage miki kuɗin aiki a riƙe shi. Akwai ɗan kwanso mai wayar USB da ake sa shi ciki, sai ya zama ma'ajiyar waje. Ki riƙa zuba kwafi a ciki, amma kada ki dogara da shi shi kaɗai, tunda tsoho ne.

A sa miki Windows sabo fil a kan SSD ɗin, kada a kwafo tsohon da tarkacensa. Ki tabbatar mai 64-bit ne, domin mai 32-bit ba ya ganin abin da ya wuce 4 GB, sai ki sayi RAM ta zauna a banza. In Windows ɗinki na da lasisi tun asali, da ta hau intanet zai gane kwamfutar ya kunna kansa. Kafin ki fita gida ki rubuta sunayen manhajojin da kike aiki da su a takarda, kada sai kin dawo ki tarar babu Word. Kuma ki hana a cika miki ita da manhajojin da ba ki nema ba, musamman masu cewa suna ƙara gudu ko riga-kafi kala biyu kala uku. Wanda ke cikin Windows ya wadatar.

Zafi da ƙugin fanka kuma, wannan aikin garinmu ne. Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfutar da ta sha hunturu biyu uku a Damagaram ya san abin da zai tarar. Tsakanin fanka da ƴan siraran ƙarafan da iska ke fita ta cikinsu, ƙura da zaren tufafi sukan dunƙule su zama wani ɗan shimfiɗaɗɗen abu ja-ja, a sa tsinke a ɗago shi ya fito guda. Fanka na juyawa iya ƙarfinta, iska ba ta da hanyar fita. Furosesa kuwa in ta ji zafi ya yi yawa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai nauyi ya ƙaru a kan nauyi. A cire wannan, a share fankar da buroshi mai laushi, a riƙe fiffikenta da yatsa in za a hura mata iska. Sannan a goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, wanda yanzu ya bushe ya zama gari, a sa sabo ɗan kaɗan. Wannan ɓangaren ya fi canja diski buƙatar hannu mai natsuwa, don haka ki nemi mai gyaran da wani ya taɓa gwadawa ya yaba. Ke kuma naki aikin: ki daina ɗora ta a kan katifa ko darduma ko cinya, don ta ƙasa take shaƙar iska. Tebur, ko faranti mai faɗi, ko babban littafi mai tauri. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, aikin taswira mai nauyi ki bar shi sai bayan asuba ko dare. In kin gama ki rufe ta ki sa a jaka, kada ta kwana a buɗe tana shan ƙura. Wata dabara kuma: hoton tauraron da ya rufe yanki mai faɗi, ki yanke iya birnin da kike nazari ki yi aiki da shi, sauran ki ajiye a waje.

Batir shi ne na uku a layi, bayan SSD da RAM. Da yadda wutarmu ke zuwa tana tafiya, minti 20 ba rayuwa ba ce ga mai rubuta kundi. Ki buɗe Command Prompt, tagar da ake rubuta umarni a Windows, ki rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar miki da rahoto mai nuna ƙarfin da batirin ya zo da shi da wanda ya rage masa. In bai kai rabi ba, a canja. Lambarsa tana jikinsa, a wannan samfurin CM03XL ce. In an buɗe aka ga ya kumbura, ko kika lura wurin da ake jan yatsa ya ɗan taso, a cire shi nan take ko da ba ki da kuɗin sabo, domin kumburarren batir yana iya kama wuta. Kwamfutar za ta yi aiki da caja kaɗai. Cajar ma ki duba ta, ta HP 19.5 V ce, kuma mara nauyin nan mai arha da ake sayarwa ta kashe kwamfutoci da yawa. In an ɗauke wuta ki zare ta daga bango, don dawowar wutar ce ke yin ɓarna.

Duka wannan, da kuɗin aiki, ina sa ran adashenki zai ɗauke shi har ki samu canji. Ki taya a shago biyu ko uku kafin ki biya, in kuma kina da amintaccen da ke zuwa Kano ki sa ya tambayo miki. Ma'aunina shi ne: muddin gyaran bai kai rabin cikon da aka nema ba, ba abin tsayawa tunani. Abin da zai sa in janye shawarata shi ne in cutar ta wuce nan. In tana mutuwa da kanta ko bayan an share fanka, ko tana ƙin kamawa sai an yi ta dannawa, ko caji na shiga yana fita da caja mai kyau, to matsalar a babban allon cikinta take, kuma wannan rami ne mai cin kuɗi. Haka in gilashin ya fara zane-zane ga kuma maɗaurin murfi ya karye. Ba ki ambaci ko ɗaya cikin waɗannan ba. Ko da hakan ta faru daga baya, SSD ɗin bai zama asara ba, ana ciro shi a sa a wata ko a cikin kwanson USB.

Maganar Inna. Na ji daɗin da ranki bai kwanta ba, wannan alamar tarbiyya ce. Amma ki lura da yadda za ki faɗa mata, domin uwa in ta yi niyyar kyauta aka ce a'a tana iya jin kamar an raina abin hannunta. Kada ki ce mata ba kya so. Ki ce kin bincika, an gano gyara kwamfutar ke buƙata, kuma adashenki ya isa. Ki ce ta riƙe awakin, akwai buga kundi da ɗaure shi da hidimar ranar karewa a gaba, in kin gaza za ki zo gare ta. Ta haka kin karɓi alherinta, awaki kuma suna nan a turke. Yayanki ma ki kira shi ki gaya masa abin da za ki yi. Shi ya ba ki, ya dace ya ji, wataƙila ma ya sa hannu a kuɗin batir.

Ƴan ajinku kuwa, na san abin da ciwo, ba zan ce miki ba komai ba ne. Amma rabin abin da ke jawo tsokanar ƙugin fanka ne da daɗewar tashi, su biyun kuma za su tafi. EliteBook kwamfutar ma'aikata ce, an ƙera ta don ta jure, ta fi yawancin masu ƙyalƙyalin roba da ake sayarwa sababbi da arha ƙwari. Malaman da za su zauna a kan kundinki taswirarki za su duba da hujjojinki. Ki goge ta, in akwai tsohon salatif a jiki ki cire, ki shiga aji da ita kanki a sama.

Saura batun Windows, inda mai shagon ya faɗi gaskiya amma bai ƙarasa ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Ma'anarsa ba wai kwamfuta za ta daina aiki ba ce, sabbin gyare-gyaren tsaro ne suka tsaya, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi da kamfanin ya buɗe zuwa 13 ga Oktoba 2026. Windows 11 kuma, in ban da ƴan ƙalilan, daga zubi na takwas yake karɓar furosesar Intel. Taki ta huɗu ba ta ciki. Ta shidan da ake son sayar miki ita ma ba ta ciki. Wato da kin biya jaka 140 kin sayi matsalar da aka tsorata ki da ita. In kin ga Windows 11 a kanta a shago, ta bayan gida aka shigar da shi, kuma Microsoft ta ce ba ta ɗau alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan sabuntawa ba. A watannin nan huɗu ki zauna a kan Windows 10, ki riƙa sabunta Chrome ko Firefox, ki guji manhajojin sata, ki yi hattara da filash ɗin da ya zaga shagunan buga takardu. Bayan kin kare kundi, ki gwada Linux Mint, wanda ake sawa a madadin Windows. Kyauta ne, ba shi da nauyi, zubinsa na 22 yana da tallafi har 2029, QGIS na aiki a kansa lafiya lau, kuma ana iya gwada shi daga filash ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Na ce bayan kundi ne saboda LibreOffice, madadin Word da ke zuwa da shi, yakan ɗan gusar da tsarin shafi da teburori in fayil na kai-komo tsakaninsa da Word, malaminki kuwa da Word zai buɗe.

Da wannan gyaran ina kyautata zaton za ta ƙara miki shekara biyu ko uku. Ranar da Allah ya hore kika tashi canjawa, ki tsallake ta shida da ta bakwai gaba ɗaya. A zubi na takwas ne Core i5 na irin waɗannan kwamfutoci ya tashi daga ƙwaya biyu zuwa huɗu, nan ne kuɗi ke sayen bambanci na gaske. Ki nemi irin EliteBook 840 G5, ThinkPad T480 ko Latitude 5490 zuwa sama. Ko a cikinsu akwai waɗanda suka fito da 7200U ko 7300U, saboda haka kada ki tsaya ga sunan da ke kan murfi. Ki sa a kunna, ki danna Ctrl da Shift da Esc, ki karanta lambar furosesar da kanki, ki ga 8250U ko 8350U ko abin da ya fi su sabunta kafin ki ƙirga kuɗi.